Ranar da Maza Suka Yi Wa Rufi Gayya

Ban taɓa son abin nan ba tun ranar da na fara ganinsa. Lokacin muna haya a hawa na biyu na wani gida a unguwar Stapleton da ke New York, ni da maigidana da yaranmu, kuma akwai ɗan fili a gefen gidan inda ake ajiye mota. Wata Asabar na ji ana hon a ƙasa kamar an kawo amarya. Na leƙa ta taga, sai na ga wani tsohon Bature a cikin akori-kura, ya jawo farin akwati mai taya biyu, tsayinsa bai wuce ƙirjina ba. Maigidana yana gaba yana ba shi hannu, yana washe baki.

Turawa suna ce wa abin kamfa. A kan hanya akwati ne kawai. In an isa daji sai a zura wani ƙarfe mai lanƙwasa a bayansa a yi ta juyawa, kamar yadda ake juya injin taliya, rufin ya tashi sama a kan sanduna huɗu, tamfol ya miƙe ya zama bango, a jawo gadaje ta gaba da baya. Wato mutum yana da ɗaki da wuta da ruwan famfo, sai ya kulle su ya tafi daji ya kwana da sauro, ya dawo ya ce ya huta. Ni an haife ni inda daji yake farawa daga bayan ɗakin girki. Ban hau jirgi na zo New York don in koma kwana a ƙarƙashin tamfol ba.

Baturen ne ya jawo shi da kansa saboda motarmu ba ta da ƙugiyar jan tirela a baya. Maigidana bai lura da wannan ba sai da aka gama ciniki. Ya ce za a sa. Har muka bar gidan nan ba a sa ba.

Kafin tsohon ya tafi ya nuna yadda ake tayar da rufin, kuma ba zan ci masa haƙƙi ba, mutum ne mai tsari. Ya ce da farko a tabbata akwatin yana tsaye daidai, bai karkata ba. Sannan a sauke duk abin da ke kan rufi. Sannan a zagaya a buɗe sakatun da ke ɗaure rufin da jikin akwatin, kowace kusurwa da tata, irin maƙallin akwatin ƙarfe na da. Sai bayan haka a kama juyawa, a hankali, ana jin yana ƙas-ƙas-ƙas. Ya ɗaga yatsa ya ce in hannu ya ji tauri a tsaya, kada a ƙara ƙarfi. Ya sa na durƙusa na ga cikinsa ta ƙasa. Wayar ƙarfe ce guda take naɗuwa in an juya, tana jan wasu huɗu, kowace ta bi ta kan wata 'yar taya mai kwari a tsakiya, irin wadda igiyar guga take bi a rijiyar gwamnati, ta nufi kusurwarta.

Ni na saurara. Karatuna bai yi nisa ba, amma aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu, kuma a wannan aikin wadda ta tsallake abu ɗaya ita ke kayar da mutum. Ba a ɗaga tsohuwa daga gado sai an taka birkin kekenta, an sauke ƙarfen gefen gado, an sa mata takalmi. Maigidana kuwa duk tsawon bayanin yana gefe riƙe da waya, yana nuna wa wansa da ke gida abin da ya kira gidansa na biyu.

Da yamma ya tura akwatin da hannu ya manna shi da shingen katakon maƙwabci, wai saboda ɓarayi. Ban san ɓarawon da zai ɓata lokacinsa a kai ba. Daji dai bai taɓa gani ba a hannunmu. Ya zama sito. Da damina ta wuce, sanyi ya gabato, maigidana ya cusa masa tarkace, ya sauke rufin, ya lulluɓe shi da wata babbar leda, ya ɗora masa duroma biyu, irin shuɗɗan nan da muke cikawa da takalma da sabulu da kayan gwanjo kaɗan-kaɗan kafin a aika gida.

Yanzu sai in faɗi abin da ya sa na damu da akwatin da ban taɓa so ba.

Ina da tulun kiɗa. Na mamata ne, shi take bugawa a zumuntar mata ta cocin garinmu a kudancin Kaduna tun ina goye. Tulun ƙasa ne, baƙi, da rami ɗaya a gefen cikinsa, ana dukan bakinsa da ɗan faifan soso. Muryarsa tana sauka har cikin mutum. Bayan rasuwarta na zo da shi a kan cinyata a jirgi, na yi rigima da ma'aikatan jirgi biyu a kansa. Matar da ta gina shi ta riga mamata mutuwa, kuma ban san mai gina irinsa yanzu ba. A nan kuwa sau ɗaya ake fito da shi a shekara, Lahadin mata, bayan Ista, lokacin da matanmu na Bronx da Brooklyn da Jersey suke haɗuwa a ɗakin da muke haya don sujada. Sauran lokaci yana saman kabad.

A sanyin shekarar nan ina kwana gidan wata tsohuwa da nake jinya, sai ƙarshen mako nake dawowa. Tun sanyin bai kankama ba wani ƙanen maigidana ya sauka wurinmu, aka ba shi kabad ɗin. Na tambayi tulu. Maigida ya ce ya adana mini shi wuri mai kyau. Mai gidan hayarmu ta ba mu kusurwa a ɗakin ƙasa, mai ɗumi da bushewa, don haka ban ƙara tambaya ba.

Asabar ɗin da gobenta Lahadin mata, na gama gugar ankona da safe, na ce, "Baban yara, ɗauko mini tulu in goge shi."

Ya sosa ƙeya. Ya dubi taga.

"Kada ka ce mini yana cikin akwatin can."

"Ai babu abin da zai same shi. Yanzu-yanzu zan fito miki da shi."

Akwatin yana da 'yar ƙofa a ƙasa, amma in rufi yana sauke gadajen biyu suna shiga ciki su toshe ko'ina, ko kyanwa sai ta yi dabara. Ba a kai ga tulu sai rufi ya tashi.

Na bi shi ƙasa. Kafin in sa takalmi ya riga ya zura ƙarfen yana juyawa, duroma suna nan daram a kan rufi.

"Sauke su tukuna."

"Ai ba su cika ba."

"Sauke su."

Ya sauke yana gunaguni. Ya yaye ledar ta inda hannunsa ya kai, ya koma juyawa. Rufin ya motsa. Kusurwa uku suka tashi kamar faɗin tafin hannu. Ta huɗun, ta baya wadda ke manne da shinge, ta ƙi. Rufin ya karkace kamar hular ɗan tasha. Na ga jijiyar wuyansa ta fito, ya sa hannu biyu.

"Tsaya! Mutumin ya ce in ya yi tauri a tsaya."

"Wane mutum?"

"Wanda ya sayar maka. Kana waya."

Na ce mu koma farko mu bi abin bi da bi. Na hau na ɗebo ruwa a kwano na ɗora a kan ƙarfen gaban akwatin. Ruwan ya kwanta daidai, to ba karkata ba ce. Rufi babu kaya. Na ce, "Sakatun fa, ka buɗe su duka?"

"Na buɗe."

"Duka huɗun?"

"Maman yara, yaro kika mai da ni? Na ce na buɗe."

Babu kowa a wurin sai mu biyu, kuma ya faɗa da bakinsa, sai na wuce gaba. Na shimfiɗa tabarma, na ɗaure zanina, na kwanta da tocila na leƙa ƙasa. Tsatsa ce ko'ina, ja wur, da saƙar gizo. Amma wayoyin suna nan, kowace a kan 'yar tayarta. Na taɓa ukun, sun miƙe daidai. Na taɓa ta huɗun, ta ɗaure tamau kamar tsirkiyar molo, har tana ƙara. Na kwanta ina tunani. Da ta tsinke da ta saki. Tunda ta ɗaure haka, tana ja ne, wani abu yana riƙe da rufin daga sama.

Ban kai ƙarshen tunanin ba na ji sallama. Ashe ina ƙarƙashin akwati shi yana buga waya.

Na farkon isowa mutumin Maraɗi ne, yana zaune layi biyu da mu, yana sayar da jakunkuna da agogo a Canal Street. Dogo ne, mai ƙarar murya, bai taɓa ganin abin da ya fi ƙarfinsa ba. Can kusan azahar sai ga mutumin Kumasi, direban tasi, tun daga Morris Heights da ke Bronx, ya ɗebo wasu maza biyu da ban sani ba. Dukkansu abokan maigida ne tun yana tuƙin tasi. Na fito daga ƙarƙashi da saƙar gizo a ɗankwali.

"Madam!" in ji mutumin Maraɗi. "Ke ce makanike yau? Subhanallahi. Ɗan Nijeriya, kai kana tsaye, matarka na ƙasa? Mi ya hwaru?"

"Rufi ne ya maƙale."

"Wanga ɗan marhi? Bon. Hannu ɗai za mu sa mai. Mu da muke ɗaga rumhwar kasuwa."

"Cale, abokina, wannan bai da wuya koraa, ko kaɗan," in ji mutumin Kumasi. "Anti, je ki huta. Maza sun zo."

Na ce, "Wayar kusurwar can a ɗaure take, ina ganin..."

"Maman yara," maigida ya katse ni da muryar da yake yi in akwai baƙi, mai taushi, mai kauri, "mutane sun zo daga nesa. A duba musu abin taɓawa."

A garinmu in mutum ya kira gayya, maza suna gona mata suna murhu, kuma ba a barin 'yan gayya da yunwa. Wannan ba na gardama da shi. Gayya abu ne mai kyau in noma za a yi, ko ɗora jinkar ɗaki, inda hannu goma suka fi biyu. Abin da mazan nan ba su taɓa ganewa ba shi ne akwai aikin da yawan hannu ke kashewa. Na hau na ɗora shinkafa.

Tagar kicin ɗinmu tana kallon gefen shinge ne daga sama. Ina yanka albasa na leƙa. Tsakanin akwati da shinge akwai 'yar tazara da ko tumbin ɗayansu ba zai shiga ba, kuma ledar tana nan a wajen, ba a yaye ta ba. Iska ta ɗaga bakinta. Sai ga sakata ta huɗu, a kulle, ta ciji rufin kamar ranar da aka rufe ta.

Na ajiye wuƙa.

Wanda bai tashi a inda na tashi ba zai ce mene ne a ciki, ki buɗe taga ki faɗa mana. Ba haka aka rene ni ba. Mace ba ta gyara wa mijinta magana a gaban abokansa, balle ta nuna ya faɗi abin da ba haka ba. A ɗaki kina iya wanke shi tas. A gaban maza kuwa sai ki kira shi gefe da wani dalili, ki raɗa masa, ya koma ya yi kamar shi ya gano. Mamata ta yi haka duk zamanta da babana, har ya mutu mutane suna cewa mai basira ne. Ni ma haka nake yi, kuma ina ganin daidai ne.

Na buɗe taga na ce, "Baban yara, zo ka taya ni sauke tukunya."

Bai ɗago ba. "Ana aiki."

"Tana da nauyi."

"Anti, bar shi ya dahu sosai!" in ji mutumin Kumasi. Suka yi dariya.

Suka jeru, biyu a gaba, biyu a gefe, suka zura yatsu a ƙarƙashin bakin rufin. Maigida yana baya da ƙarfen juyawa. Mutumin Maraɗi ne mai ba da umarni, ba wanda ya naɗa shi.

"In na ce ya Allah, ku ɗaga gaba ɗai. Kai kuma Fasto, ka juya." Haka yake kiran mijina don tsokana, mutumin da ko addu'ar abinci sai an tuna masa. "Ya Allah!"

Suka ɗaga. Kusurwa ukun suka tashi sama da inda wayoyin suka kai su. Ko daga taga na san abin da ke faruwa a ƙasa. Wayar da aka ɗauke wa nauyi sakewa take yi, in ta saki kuwa sai ta zame daga kan 'yar tayarta. Maigida yana ta juyawa da sauri, yana murna abin ya yi sauƙi. Sai sauƙin ya ƙare. Aka ji ƙara kamar ana tauna tsakuwa.

"Juya, juya! Shina zuwa!"

Ya ɗora ƙirjinsa a kan ƙarfen. Tas! Ƙarfen ya kuɓuce ya yi ta yawo shi kaɗai. Mazan suka ji nauyin duka ya sauko a yatsunsu, suka saki, rufin ya faɗo da ƙarar da ta tayar da karnukan layin. A cikin akwatin na ji wani abu ya gangara ya bugi wani.

Na ce a raina, tulun mamata ke nan.

Na ɗauki wayata na kira shi. Ina kallo wayarsa ta yi ƙara a hannun mutumin Kumasi, wanda ya karɓe ta yana neman bidiyon yadda ake gyara. Ya duba ya ce, "Oga, Anti ne ke kira," ya kashe, ya ci gaba da kallo. Saƙo ma ba zan iya turawa ba, shi zai fara karantawa.

Suka tsaya shawara. Na daɗe ban ji maganar banza mai yawa haka a wuri ɗaya ba. Ɗaya daga cikin baƙin ya ce Bature ba ya sayar da abu mai kyau, an cuce shi ne. Ɗayan ya ce sanyi ne ya manne robar bakin rufin, a kawo ruwan zafi. Mutumin Kumasi ya ce na cikin bidiyo ba irin wannan ba ne, amma kusan ɗaya ne, a kwance komai na ƙasa. Mutumin Maraɗi ya ce a Nijar da tuni an gama, mutanen Nijeriya ne surutu ya yi musu yawa. Maigida ya ce ai a Nijar ba a taɓa ganin akwati mai gado ba. Maza biyar, babu wanda ya ce bari in zagaya in duba. Kowa yana duba bakin ɗan'uwansa.

Na sake gwadawa. "Baban yara, ana nemanka a wayar gida."

"Ki ce zan kira."

Mutumin Maraɗi ya tafi but ɗin tasin mutumin Kumasi ya dawo da ƙarfen cire taya, dogo, mai faɗin baki. Ya naɗe hannun rigarsa. Ya taka tayar akwatin ya hau kan rufin da gwiwa, ya rarrafa zuwa kusurwar shinge.

"Nan ne mugun wurin. In na zura mai wanga na danna, ko ya tashi ko ya hwashe. Fasto, tukunyar Madam tana ta ina?"

"Tulu ne."

"To, tulun."

Maigida ya nuna da ƙarfen juyawa. "Nan ne. Wannan kusurwar. A kan benci na ɗora shi, dab da rufi."

"Bon. Zan bi a hankali."

Na taɓa ganin hankalinsa, ranar da ya taya mu shigar da firji ya cire ƙofar ɗaki da ƙusoshinta. Ya lalubi bakin rufin ta saman ledar, bai ko ɗaga ta ba, ya kafa ƙarfen ya fara neman wurin zurawa. Jikin akwatin nan falle ne na gwangwani da katako mara kauri. Ƙarfen zai shige kamar cikin burodi, kuma abin da zai fara tararwa a ciki na sani.

Na tura tagar har ƙarshe.

"Alhaji, ajiye ƙarfen nan."

"Madam, kada ki damu..."

"Ajiye shi. Ɗaga ledar da ke ƙarƙashin gwiwarka. Sakatar a kulle take. Tun safe a kulle take. Ku biyar kuna kokawa da abin da aka kulle."

Ban yi ihu ba, amma layin namu shiru ne da rana, har matar da ke shanya a gidan gaba ta juyo. Mutumin Maraɗi ya ɗaga ledar. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya zauna daɓas a kan rufin ya fashe da dariya, yana dukan cinya.

"La ilaha! Fasto! Ka kira mu daga duniya mu ɗaga abin da ka kulle da hannunka?"

"Cale, tun daga Bronx," in ji mutumin Kumasi. "Gada biyu na tsallaka. Anti, kin tambaye shi?"

Ba sai na amsa ba, fuskar mijina ta amsa. Yana tsaye riƙe da ƙarfen juyawa, bai dubi taga ba, bai dubi kowa ba. Na san abin da na yi masa. Za a ba da labarin nan a layin tasi na filin jirgi, a ba da shi a Canal Street, a kai shi gida da Kirsimeti. Na kashe murhu na sauka.

Buɗe sakatar yanzu ba ya tayar da rufi, tunda sun riga sun tsinke waya. Abin da ya rage shi ne hannu, abin da suke so tun farko, sai dai a bi da shi yadda ya kamata. Ba wanda ya ce in je in huta.

Da farko na sa suka ɗaga gaban akwatin suka janye shi daga shinge, yadda mutum zai zagaya shi. Sakatar ta yi tsatsa, kuma jan da aka yi mata tun safe ya lanƙwasa ta. Na ɗiga mata man gyaɗa, na sa ɗaya ya danna rufin ƙasa, ta buɗe. Sannan na roƙi mai gidan hayarmu wasu katakai da suka rage mata a ɗakin ƙasa, gajeru da dogaye. Sannan na tsayar da mutum a kowace kusurwa.

"Ba wanda zai riga wani. Kaɗan za ku ɗaga, in sa gajeren katako, ku huta. Sannan a ƙara. Wanda ya ji ya fi ɗan'uwansa ƙarfi ya riƙe ƙarfinsa, ba na bukata."

"Madam, da soja kika shiga da kin kai kanar."

"Alhaji, kusurwarka ta fi ta kowa tsawo. Sauke."

Rufin nan yana da nauyi ƙwarai, ban raina musu wannan ba. Suka yi gumi, suka daina barkwanci. Kaɗan-kaɗan ya tashi, tamfol yana warwarewa yana fitar da warin rima. Da ya kai inda mutum zai shiga a sunkuye, na kafa dogayen katakan, na girgiza kowane da hannuna. Maigida ya sunkuya zai shiga tun ina kan na uku. Na ce ba kan da zai shiga ƙarƙashin rufin nan sai na huɗu ya tsaya. Ya ja da baya.

Aka jawo gadon baya. Ya shiga da rarrafe. Muna jinsa yana ture kujerun roba da tsohuwar fanka da tukwanen biki. Abin da na ji ya gangara ɗazu murfin kular abinci ne, shi ya fara jefowa waje. Sannan ya fito da baya-baya, rungume da wani ƙunshi baƙi.

Na gane ƙunshin kafin ya miƙe. Babbar rigar sanyinsa ce, mai kauri, mai gashi a wuya. Tun farkon sanyi ya ce mini ya manta ta a motar aiki an ɗauke. Na yi masa faɗa a kanta har na gaji. Duk dusar ƙanƙarar shekarar nan da 'yar jaket ya fita, yana tari, yana cewa shi sanyi ba ya kama shi. Ashe ya naɗe tulun da ita, ya ja zif har wuya, ya ɗaure hannayen rigar ta baya kamar goyo. Ya gwammace ya daskare da ya ce mini tulun mamata yana waje. Wauta ce tun daga tushe, amma ɗaurin ya yi kyau, ni ma ba zan fi haka ba.

Na zauna a kan matakala na kwance. Na juya tulun a rana, na bi shi da yatsa daga baki zuwa gindi, sannan na sake bi. Ban ga tsaga ba. Amma ido ba ya gama gani a tulu. Na ɗora shi a cinya na doki bakinsa da tafin hannu.

Ya amsa. Muryar nan ce, cikakkiya, ba ta rawa.

Na sake bugawa, don kaina.

"To, alhamdulillahi," in ji mutumin Maraɗi. "Madam, shinkahwar hwa?"

Suka ci, suka ƙara, suka tafi suna maimaita labarin tun kafin su shiga mota. Maigida bai ci ba. Ya zauna a ƙasa wajen akwatin har rana ta yi sanyi, yana jujjuya guntun wayar da ta tsinke. Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai ba ni ba. Kamfa kuwa ba a taɓa gyara shi ba. Ya zauna a kan katakan nan har mai gidan hayarmu ta gaji da ganinsa ta kira masu kwasar ƙarafa.

Da safe na shirya, na ɗauki tuluna zan tafi tashar bas, don ban sa rai maigida zai kai ni ba. Na tarar da shi a mota, ya tayar da ita. Na shiga baya, tulu a cinya. Ko ina kwana bai ce mini ba, kuma haka muka yi kwanaki. Amma mutumin nan da ke tuƙi kamar ana binsa, ranar kowane rami sai ya tsaya cak ya lallaɓa ya wuce, motoci suna ta hon a bayanmu. Da muka isa ya fito ya zagayo ya buɗe ƙofar baya, abin da bai taɓa yi ba tun aurenmu. Na san ba ni ya buɗe wa ba. Na fito da tulun a hankali, na shiga ɗakin sujada.